PHILIPPE DUFOUR, MAƘERIN AGOGON DA AKA SAYA SAMA DA MILIYAN 800

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2020, a birnin Janeba na ƙasar Suwis, gidan gwanjon nan mai suna Phillips ya fito da wani ɗan agogon hannu na jar zinariya wanda faɗinsa bai wuce milimita 37 ba. Agogon ba ya nuna kwanan wata, babu lu'ulu'u ko ɗaya a fuskarsa, kuma ba ya tafiya sai mai shi ya wana shi da yatsunsa. Iyakar aikinsa shi ne nuna awa da minti da sakan. Amma da mai gwanjo ya buga guduma, sai ga agogon ya tashi a kan faran na Suwis 1.361.000, watau sama da miliyan 800 na kuɗin sefa bisa canjin wancan lokaci. Sunan agogon Simplicity, ma'anarsa sauƙi. Wanda ya ƙera shi kuwa wani dattijo ne mai suna Philippe Dufour, wanda ya yi shekaru yana aiki a cikin wata tsohuwar makarantar ƙauye da ya mayar atiliye.

Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan kuɗi, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: mene ne a ciki? Zinariyar da ke jikin agogon ba ta kai ko kusa da wannan farashi ba, agogon pil na jika biyu kuma ya fi shi faɗin lokaci daidai. Amsar tana cikin tarihin wani kwari mai tsananin sanyi, da kuma cikin wata sana'ar hannu wadda ta taɓa kai wa bakin kabari.

Kwarin da ƙanƙara ta koya wa sana'a

Kwarin Joux, wanda a ke furtawa "Ju", yana cikin duwatsun Jura a jihar Vaud, dab da iyakar Suwis da Faransa, a bisa tudu mai tsawon wajen mita 1.000. Da hunturu tabkin da ke tsakiyarsa ya kan daskare har mutane su yi tafiya a kansa, a zamanin dā kuwa ƙanƙara ta kan toshe hanyoyi wata da watanni. Mutanen wurin makiyaya ne da masu saran itace, kuma kamar yadda manomi ke neman sana'ar rani in an gama kaka, haka su ma suka nemi abin yi a cikin ɗaka lokacin da shanu ke garke. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 suka kama aikin agogo. Suka riƙa fasa tagogi masu yawa a saman gidajensu don samun haske, wannan gida yana yin haƙoran faifai, wancan yana yin kusoshi, wani kuma yana harhaɗawa. Daga cikin wannan aiki na gida-gida ne manyan kamfanoni suka tsiro: LeCoultre a garin Le Sentier a 1833, Audemars Piguet a garin Le Brassus a 1875.

A nan Le Sentier aka haifi Philippe Dufour a shekarar 1948. Yana ɗan shekara 15 ya shiga makarantar koyon sana'a ta kwarin, ya fito da takardar shaida a 1967, ya kama aiki a kamfanin Jaeger-LeCoultre. Ya yi aiki a Jamus da Ingila da tsibiran Karayib, sa'an nan ya komo gida ya yi wa wasu kamfanoni aiki, har da Audemars Piguet.

Shekarun da pil ta ci kasuwa

Ranar 25 ga watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na ƙasar Japon ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da pil da ɗan dutsen kwarz, wanda ya raɗa wa suna Astron. Da farko yana da tsada kamar ƙaramar mota, amma cikin ƴan shekaru farashin irinsa ya faɗi warwas. Dutsen kwarz yana kaɗawa sau 32.768 a cikin sakan guda, don haka kuskuren agogon pil bai fi ƴan sakanni a wata ba, alhali agogon wanawa mai kyau ya kan yi irin wannan kuskure a cikin kwana ɗaya ko biyu. Kasuwar duniya ta juya wa Suwis baya. Ma'aikatan agogo na ƙasar, waɗanda suka kai wajen 90.000 a 1970, suka koma wajen 30.000 a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanoni suka yi ta rufewa, aka sayar da injuna da kayan aiki a kilo, tsofaffin gwanaye suka koma gida da abin da ke cikin kawunansu.

A tsakiyar wannan annoba, a 1978, Dufour ya sayi kayan aikin wani kamfani da ya karye, ya zauna da kansa. Abin da ya riƙa ci da shi a shekarun farko shi ne gyaran tsofaffin agogunan aljihu waɗanda masu gwanjo ke kawo masa. Wannan gyara shi ya zame masa makaranta ta biyu. Ya lura da cewa da yawa daga cikin agoguna masu wuyar aiki, ko da sunan wani babban gida na Janeba ko na Landan ne a fuskarsu, cikinsu aikin mutanen kwarinsu ne waɗanda ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Ya riƙa kwance su guntu-guntu yana duba yadda magabata suka yi gogewa da yadda suka auna komi.

Abin da ke cikin agogon wanawa

Domin mai karatu ya fahimci inda wahalar ta ke, ya kamata a ɗan buɗe bayan agogon. In an murɗa ɗan kan nan na gefe, ana naɗe wani siririn ƙarfe ne, wanda makanikai ke kira rasor, a cikin wani ɗan gwangwani. Rasor yana son ya warware, ƙarfin warwarewarsa ke tura jerin ƴan faya-fayai masu haƙora, ɗaya na cizon ɗaya, har zuwa ga hannuwan agogo. Da za a bar shi haka, da cikin ƙiftawar ido ya zube ƙarfinsa duka. Abin da ke tsare shi wata ƴar ƙugiya ce mai baki biyu, wadda ke sakin haƙori ɗaya ta kama na gaba, ita ce kuma ke yin ƙarar nan da a ke ji in an kara agogo a kunne. Mai ba ƙugiyar oda shi ne wani zobe mai lilo, yana juyawa dama ya komo hagu, tare da wata waya naɗaɗɗiya wadda ta fi gashin kai siranta.

A cikin Simplicity zoben yana bugawa sau 18.000 a awa, watau sau 5 a kowane sakan, sau 432.000 a kwana, sama da sau miliyan 157 a shekara. In an wana shi ya cika, ya kan yi awa 52 yana tafiya. Akwai ƴan duwatsun jan yakutu guda 21, irin na haɗawa a masana'anta, waɗanda aka dasa a wuraren da bakin ƙarfe ke juyawa don kada ya ci. Digon mai da a ke sa musu bai kai kan allura ba. Ƙura ɗaya in ta shiga, ko kaushi kaɗan a kan haƙori, ya isa ya sa lissafin kwana ya karkace.

Agogo mai buga ƙararrawa

Sunan Dufour ya fara fita ne ta wajen agogo mafi wuya a sana'ar, wanda a ke kira Grande Sonnerie, mai buga lokaci da kansa. Kowane kwata na awa, wasu ƴan gudumomi na bugun wayoyin ƙarfe da ke zagaye da cikin agogon, su faɗi awa, su faɗi kwata. In mai shi ya taɓa wani maɓalli, sai ya buga masa har da mintoci, yadda ko cikin duhu zai san lokaci da kunne. A cikin shekarun 1980 Dufour ya ƙera irin wannan na aljihu guda 5 domin Audemars Piguet, kowane ɗaya ya ci masa wajen awa 2.000 na aiki. Sai dai sunan kamfani ne a fuskarsu, shi kuwa ya zama kamar waɗancan magabata da ya tarar da aikinsu ba suna.

Wannan ya sa ya ƙudura yin nasa. Ya shafe wajen shekara biyu da rabi yana matse wannan inji har ya shiga cikin gidan agogon hannu, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. A 1992 ya kai shi babbar kasuwar baje kolin agogo ta birnin Bazel da sunansa a rubuce. Guda 8 kawai ya yi irinsa. A 1996 ya fito da Duality, mai zoben lilo biyu da wani inji a tsakaninsu mai raba kuskurensu biyu, dabarar da ya samo daga wani aikin ɗaliban makarantarsu na shekarun 1930. Ya yi niyyar yin 25, amma masu saye ba su zo ba, ya tsaya a kan 9.

Simplicity, inda gogewa ta zama ita ce haja

A shekarar 2000 mutumin da ya yi agogo mafi wuya ya juyo ya yi mafi sauƙi. Ya ɗauki fasalin agogunan kwarin Joux na shekarun 1930 zuwa 1950, waɗanda ya ga sun daɗe suna aiki ba su gaji ba, ya yi shi iri biyu, mai milimita 34 da mai 37, da farar zinariya ko jar zinariya ko filatin. Bayansa gilashi ne, mai shi yana ganin cikin.

Dufour bai ɓoye cewa ya yi zanen a kwamfuta ba, ko cewa inji ne ke yanko gundarin ƙarafan, fuskar agogon da gidansa kuma wasu masu sana'a ke yi masa. Aikinsa yana farawa daga inda inji ya tsaya. Farantan da ke riƙe da faya-fayan na wani farin ƙarfe ne da a ke haɗawa da jan ƙarfe da nikel da tutiya. Kowane faranti yana zuwa da kaifi da kaushi a gefensa. Sai ya sa madubin ƙara girma a ido, ya ɗauki magagari, ya bi gefen yana karya kaifin, faɗin layin ɗaya tun daga farko har ƙarshe, duk da lanƙwasar da farantin ke yi. Daga babban magagari ya koma ƙarami, daga nan ya koma sandunan yashi masu laushi, kowane yana shafe sawun na gabansa. In hannu ya goce sau ɗaya, aikin kwanaki ya lalace, domin ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Matakin ƙarshe shi ne abin da ya fi ba baƙi mamaki. A kan duwatsun Jura akwai wani tsiro mai rawayar fure da a ke kira jansiyan, wanda mutanen wurin ke yin magani da abin sha da saiwarsa. Busasshen karansa yana da tauri a waje da laushi a ciki, kamar karan dawa. Dufour ya kan tsinto shi a jeji, ya fere shi, ya shafa masa garin gogewa mai laushin gaske, ya yi ta murza gefen ƙarfen har ya koma kamar madubi. Taurin karan ya isa ya riƙe garin, laushinsa kuma ba ya barin ƙarce.

Masana in sun ɗauki irin wannan agogo, lungunan suke fara dubawa, inda layi biyu suka haɗu suka shiga ciki kamar bakin almakashi a buɗe. Bakin inji zagayayye ne, yana juyawa, saboda haka duk lungun da ya bi sai ya bar shi da ɗan kumburi. Hannu da magagari kaɗai ke iya sa layukan biyu su haɗu a kan tsini ɗaya mai kaifi. Kamfanoni da yawa sun daina zana farantai masu irin wannan lungu don guje wa tsadar aiki, shi kuwa da gangan ya sa su cikin zanensa.

Akwai kuma abin da a ke kira baƙar gogewa. Ana ɗora ɗan guntun baƙin ƙarfe, ko kan kusa mai murɗi, watau bis, a bisa farantin tutiya ko na kuza mai garin gogewa, a yi ta murzawa har fuskarsa ta miƙe sarai. Daga nan haske ba ya watsuwa a kansa, gefe ɗaya ya ke bi. In an karkata shi nan sai ya yi walƙiya, in an karkata can sai ya koma baƙi ƙirin. Saman farantan kuma ana yi masa zane mai kama da igiyar ruwa, layi bayan layi. Hatta ɓangarorin da ke kife, waɗanda ba wanda zai gani sai mai gyaran da zai buɗe agogon bayan shekaru, ana goge su haka nan. Wannan aiki yana da amfani bayan ado: ƙarfe mai santsi ba ya saurin tsatsa, ba ya cin ɗan'uwansa, kuma ba ya sakin ɓurɓushi cikin mai.

Saboda wannan ne agogo wajen 200 na jerin farko suka ci masa shekara goma sha wani abu, shi da ƴan mataimaka ƙalilan. In an raba, bai kai 20 a shekara ba, alhali masu lura da kasuwa na ƙiyasta cewa Rolex na fitar da wajen miliyan guda a shekara. Masu saye suka riƙa jira shekaru kafin a kira su. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Japon ta komo neman karatu

Abin mamaki, ƙasar da ta kawo agogon pil ita ce ta fara gane darajar wannan aiki. Mutanen Japon, waɗanda ke girmama gwanayen sana'ar hannu, su suka sayi mafi yawan Simplicity na farko, telebijin ɗin ƙasar kuma ta yi fim a kansa. Shi kansa kamfanin Seiko, wanda ya buɗe wani ɗan atiliye na gwanayensa a garin Shiojiri a shekarar 2000, ya nemi shawarar Dufour a kan gogewa. Bai hana su ba. Ya nuna musu har da sirrin karan jansiyan, suka je suka nemo irinsa a tsibirin Hokkaido, aka kuma ga sakamakon a agogonsu mai suna Credor Eichi wanda ya fito a 2008.

Inda kuɗin suka dosa

Daga 2020 farashin ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta na 2021 wani dillali na Landan ya sayar da ɗaya daga cikin Grande Sonnerie ɗin nan 8, wanda aka yi wa Sarkin Brunei, a kan dalar Amurka miliyan 7 da dubu 630, watau sama da miliyar 4 na sefa. A watan Nuwamba na wannan shekara, a Janeba, mai lamba 1 ya tashi a kan faran na Suwis 4.750.000, Duality kuma, wanda aka rasa masu saye a 1996, ya tashi a kan 3.660.000.

Ɗan kasuwa ya san cewa irin wannan riba ba ta shiga aljihun maƙeri. Mafi yawan agogunan da ke zuwa gwanjo sun daɗe da barin hannunsa a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na na yanzu ba, ribar ta wanda ya ajiye ce da dillali. Ya kuma san cewa abin da ke ɗaga farashin shi ne ƙarancin kayan da sanin cewa hannun da ya yi su ba zai dawwama ba. Kasuwar da ta hau haka tana iya sauka, kamar yadda farashin manyan agoguna na hannu na biyu ya ja baya daga tsakiyar 2022. Wasu daga cikin masu saye ma ba sa ɗaura agogon, a akwatin banki su ke kulle shi, abin da aka yi don ya yi tafiya a hannu ya koma kamar fili da aka saya aka katange.

Wa zai gaji magagari?

Abin da ya fi damun Dufour, kamar yadda ya sha faɗa wa ƴan jarida, shi ne makomar ilimin. Ya kan ce shi ba ya da sirri, domin maƙabartu cike su ke da sirrin da ba a bar wa kowa ba. Makarantu na koyar da harhaɗa ɓangarorin da inji ya yi, amma yadda a ke riƙe magagari, da nauyin hannun da a ke sa wa karan jansiyan, ba a iya rubuta su cikin littafi, sai an zauna kusa da mai yi.

Tun a 1985 wasu maƙera biyu, Svend Andersen da Vincent Calabrese, suka kafa ƙungiyar maƙeran agogo masu zaman kansu, wadda a ke kira AHCI a taƙaice, don su sami wurin nuna aikinsu da sunansu. Daga baya Dufour ya haɗa kai da Robert Greubel da Stephen Forsey, suka ɗauki wani malamin makarantar agogo ta birnin Pari, Michel Boulanger, suka shekara da shekaru suna koya masa ƙera agogo tun daga gundarin ƙarfe da kayan aiki irin na dā, ana ɗaukar kowane mataki a fim, domin shi ma ya koya wa ɗalibansa. Agogon gwajin da ya fito daga wannan aiki an sayar da shi a gwanjon Christie's na Hong Kong a 2016 a kan kusan dalar Amurka miliyan ɗaya da rabi. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar agogon wanawa ta yankin Jura, ɓangaren Suwis da na Faransa, cikin jerin al'adun ɗan Adam da ya wajaba a kiyaye. A gidan Dufour kansa, ƴarsa ta yi karatu a makarantar da ya yi, ta kuma zauna a teburin da ke kusa da nasa.

Guguwar da ta rufe kamfanonin Suwis ba ta tsaya a can ba. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, masu gyaran agogo da ke zama da ɗan akwatin gilashi da hantsaki da madubi a ido sun ga agogon pil ya rage musu aiki, sa'an nan wayar salula ta zo ta kwashe saura. Amma a cikin akwatuna da yawa na alhazai da tsofaffin ma'aikata akwai Seiko 5 ko Orient ko Omega da aka ajiye don sun tsaya. Mafi yawansu ba abin da ya same su illa mai da ya bushe saboda zafi, da ƙurar hunturu da ta shiga. Tsarin cikinsu ɗaya ne da na Simplicity: rasor, faya-fayai, ƙugiya, zoben lilo. Agogon wanawa yana son a kwance shi, a wanke, a sa masa sabon mai kamar kowace shekara biyar, kuma in ana yi masa haka ya kan kai ga jikoki. Sharaɗin kawai shi ne a sami wanda ya iya buɗe shi, tsofaffin da suka iya kuwa kaɗan ne cikinsu ke da yaro a gefen teburi.